Ɗan Kawunka Ya Ce, Furodusa Ya Ce: To Wa Ya Sa Hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Funtuwa, ina sayar da caja, iyafis, memori da batirin waya. Na kwashi adashi, na haɗa da abin da na tara, yanzu ina da wajen naira 900,000 a hannu. Ɗan kawuna da ke Kano, wanda ya daɗe yana hulɗa da 'yan fim, ya kawo shawarar mu sayi injin buga faifan DVD na hannu, mai cin faifai goma a lokaci guda. Ni zan sa kuɗi da shago, shi zai riƙa kawo masta (faifan asali da ake kwafa daga gare shi) na fina-finan Hausa, da na Indiya masu fassara, da na Amurka, riba mu raba biyu. Ya ce faifan da babu makulli a kansa kowa na iya kwafa, doka ba ta hana ba, mai makullin kuma akwai manhajar da ke cire shi nan take. Na Hausa kuwa ya ce furodusoshin abokansa ne, sun ce ba komai. A lissafinsa faifai da kwalinsa zai tsaya mana naira 200, mu sayar 500, idan muna fitar da 200 a rana cikin wata guda na mayar da uwar kuɗina. Shin gaskiya ne babu laifi a kwafar faifan da ba shi da makulli? Kuma wace manhaja ce ta fi iya cire makullin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunan manhaja ba za ka ji shi daga bakina ba, kuma ba rowa ba ce. Ko na faɗa maka, ba makullin faifai ne zai cinye maka jari ba. Duba wasiƙarka da kanka: ya ce, ya ce, sun ce. Babu inda ka ce ka je ka gani da idonka, babu inda wani ya ɗauki biro ya sa hannu. Kana shirin ɗora naira 900,000 a kan maganar baka, don kawai mai maganar jininka ne.

Mu fara da yadda aka raba muku kayan. Kuɗi naka. Shago naka, sunanka ne a takardar haya. Injin a ɗakinka zai kwana, kwalaye a kantarka za a jera su, kai za a tarar a kan benci daga safe har magariba. Shi kuwa me ya zuba? Faifai ɗaya a aljihun riga da kuɗin mota daga Kano. Riba za ku raba daidai, amma ranar da mota ta tsaya a ƙofar shagon, babu abin da za a raba, kai kaɗai za ka shiga bayanta. Ban ce ɗan kawunka mugu ba ne. Wataƙila ya yarda da duk abin da ya faɗa maka, har zuciyarsa. Sai dai wanda ba shi da abin asara a cikin harka, sauƙin yarda gare shi.

Maganar makulli ita ya fi ruɗa ka da ita, saboda rabinta gaskiya ce. Lokacin da faifan DVD ya fito, a Japan a 1996, a Amurka a 1997, manyan kamfanonin fim sun ƙi sakin fina-finansu a kansa sai an yi masa kariya. Kaset ɗin bidiyo idan ka kwafa hoto yana raguwa, kwafin kwafi kuwa sai dishi-dishi. Faifai ba haka yake ba, na dubu daidai yake da na farko, abin da ya tsorata su ke nan. Sai aka ƙirƙiro tsarin da ake kira CSS, wanda ke hargitsa abin da ke cikin faifan, na'urar da ke da lasisi kaɗai ke iya warware shi. Suka kuma yanka duniya shiyya shida: Amurka ta ɗaya, Turai ta biyu, mu da Indiya da Rasha muna ta biyar. Shi ya sa a da idan an kawo wa mutum tsarabar faifai daga waje sai na'urarsa ta ƙi karɓa, kafin na'urorin Sin masu cin kowane iri su cika kasuwa.

Makullin bai yi ƙarko ba. A 1999 wani yaro ɗan shekara 15 a ƙasar Norway, Jon Johansen, da wasu abokan aikinsa suka saki manhajar da ke buɗe shi. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 2003, domin faifan da ya saya da kuɗinsa yake buɗewa, ba a kama shi yana sayar da fim ɗin kowa ba. Tun daga ranar, ta fuskar fasaha, makullin DVD ya zama tarihi. Saboda haka idan ɗan kawunka ya ce cire shi ba wuya, bai yi ƙarya ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne yadda waɗanda suka mayar da cirewar sana'a suka ƙare. Amurka ta yi doka a 1998 da ta mayar da fasa makullin laifi mai zaman kansa, ko ka sayar da fim ko ba ka sayar ba. Wani kamfani mai suna 321 Studios ya yi ta cinikin manhajar kwafar DVD, yana cewa ai don mutum ya adana faifansa ne, kotu ta hana shi a 2004, shekarar ba ta ƙare ba ya rufe. RealNetworks, babban kamfani mai tarin lauyoyi, ya fito da tasa a 2008, aka taka masa birki, a 2010 ya biya dala miliyan 4.5 ya haƙura. Ka lura, waɗannan ko fim ɗaya ba su buga sun kai kasuwa ba. Kayan aiki kawai suka sayar.

Ɗaya rabin maganar tasa kuwa, wai faifan da babu makulli na kowa ne, wannan ba ta da tushe ko kaɗan. Makulli daban, haƙƙin mallaka daban. Akuyar da ka gani tana yawo a unguwa babu igiya a wuyanta ba ta zama ta mai tsinta ba. Fim yana da mai shi tun ranar da aka gama shi, kuma a dokar Najeriya haƙƙinsa yana nan har shekara 50 bayan fitowarsa. Mafi yawan faifan da ke yawo a kasuwanninmu, na Hausa da na Kudu, ba a taɓa sa musu wani makulli ba, wannan bai sa sun zama sadaka ba. Idan ka sayi faifai na asali, robar ka saya da damar kallo. Ka kalla, ka ara wa maƙwabci, ka ba da kyauta, ba mai ce maka uffan. Doka ma ta yi sassauci ga abin da mutum ya yi don amfanin kansa. Amma injin faifai goma ba amfanin kai ba ne, ko yaro ya san haka, balle alƙali.

Za ka ce waccan Amurka ce, nan Najeriya ce. To saurara. Tsohuwar dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ita ce ta lalata tunanin 'yan kasuwa da yawa, domin tarar mai sayar da kayan satar fasaha naira 100 ce a kan kowane kwafi. Mutane suka mayar da ita abin dariya, suna sa ta cikin lissafi kamar kuɗin shara. Wannan dokar ta kau. An yi sabuwa a 2022, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a watan Maris na 2023. Yanzu tarar ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗauri na shekaru, ko a haɗa maka duka biyun. Ta kuma ɗauko wancan tsarin na waje: fasa makullin da mai fim ya sa laifi ne daban, ban da laifin kwafar. Jami'an Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa suna da ikon shiga shago, su bincika, su kwashe kaya har da injin, shari'ar kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ba a gaban mai unguwa ba. Ɗauki lissafin ɗan kawunka ka juya shi. Faifai 200 a rana, a tarar da kayan kwana uku a shago, 600 ke nan. Sau 10,000, naira miliyan shida. Jarinka ko kashi ɗaya cikin shida bai kai ba.

Fina-finan Indiya da na Amurka ma kada ka ɗauka marayu ne don masu su suna nesa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne tun 1993, ma'anarta fim ɗin da aka yi a Mumbai yana da kariya a Funtuwa kamar wanda aka yi a Kano. Masu fassarar kuwa matsalarsu hawa biyu ce. Akwai haƙƙin kamfanin da ya yi fim ɗin, akwai kuma aikin wanda ya ɗora muryar Hausa. Idan mai fassarar bai karɓi izini ba, ba shi da abin da zai ba ka. Idan kuma ya karɓa, to kuɗi ya kashe, shi ne zai fara neman ka. Ban ma taɓo maganar lasisin rarraba fim daga hukumar tace fina-finai ta ƙasa ba, da kuma ta jihar Kano da ke aiki tun 2001, idan kayanku za su shiga can.

Na san abin da ke ranka: kowa na yi, wa aka kama? Gaskiya ne, akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna bugawa ko sammaci ba su taɓa gani ba. Ba zan yi maka ƙaryar cewa jami'ai suna bin shago-shago kullum ba. Amma ka lura da waɗanda abin ke faɗawa kansu. Ba mai talla a baro ba ne, shi ya ga alama ya tura baronsa lungu. Ba kuma babban dila ba ne, shi yana da lauya da mutane. Na tsakiya ne, mai shago tsayayye da allo a ƙofa da inji a ciki, irinka. Kuma galibi ba sintiri ke kawo su ba, nuni ake yi: ko mai fim ɗin da ya ga kayansa a tebur, ko abokin sana'a da ka rage wa ciniki. Yawancin irin wannan rigima ma ba ta kaiwa ga hukunci. Kwashe kayan, rufe shagon na makonni, beli, lauya, sulhu, su ke gama da mutum tun alƙali bai buɗe baki ba.

Akwai wani bawan Allah da na sani a Kano zamanin da sidi ke tashe. Mai hankali ne, ba ɗan tasha ba, kayan lantarki yake sayarwa. Ƙanin matarsa yana aiki a wani ɗakin haɗa hoto, shi ya kawo masa mastan wani sabon fim, ya ce furodusan ya ce a buga a taimaka masa da talla. Abin da zai ba ka mamaki, furodusan ya faɗi hakan da gaske, a wajen hira, ana shan shayi. Abin da bai faɗa ba shi ne tun watanni kafin nan ya sayar da fim ɗin ɗungurungum ga wani dila a Ƙofar Wambai, da takarda da shaidu, ya ci kuɗin ya gama. Wato ranar da ya ce ba komai, ba shi da ikon cewa komai. Dilan ya buga fasta, ya sa ranar fitowa, sai ga yaransa sun tsinto fim ɗin a tebur saura kwana biyu. Da aka zo shagon, kwalayen ko warin tawada ba su daina ba, an ɗaure su ɗari-ɗari da roba a cikin buhunan Ghana-mos-go, yaron shago yana zaune a ƙasa yana zura faifai a leda. Aka kwashe har da kwamfutar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Aka kira furodusa a waya a gaban kowa, ya ce shi bai san mutumin ba, kuma bai yi ƙarya ba, ba su taɓa haɗuwa ba. Dattawan kasuwa ne suka shiga tsakani aka yi sulhu. Filin da ya saya zai yi gini, shi ya tafi. Ƙanin matar ya zo jaje, ya zauna ya ci tuwo, ya ce ƙaddara ce. Har yau ana gaisawa, amma gaisuwar ba ta wuce ta bakin ƙofa.

Wannan labarin shi ne amsar "furodusoshin abokansa ne". Ko ka ji da kunnenka furodusa ya ce ka buga, tambayar ita ce: fim ɗin har yanzu nasa ne? A da dila ake sayar wa. Yanzu ana sayar wa tashar talabijin, ko manhajar kallo a waya, ko a ɗora a YouTube ana jiran kuɗin talla, wani lokaci kuma wanda ya zuba kuɗin yin fim ɗin daban, wanda sunansa ke jikin fasta daban. Doka ta ce sayar da haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Izini na gama-gari yana iya zama da baki, amma ranar da aka yi musu, kai da bakin ɗan kawunka, wancan da takardarsa, ka san wanda za a saurara. Kai ma ko bakin furodusan ba ka da shi. Bakin wanda ya ce ya ji kake riƙe da shi.

Yanzu mu ajiye doka gefe, mu ɗauka babu ita a duniya. Lissafin kansa ba ya tsayuwa. Faifai 200 a rana, a Funtuwa, a wannan zamanin? Wa zai saya? Kai da ke sayar da memori kai ya kamata ka ba ni amsa. Buɗe littafin cinikinka ka duba, a watan da ya wuce mutum nawa suka tsaya suka tambayi faifai, mutum nawa suka tambayi memori ko suka ce ina ake turi, wato zuba fim a waya. Idan ba ka da littafin da za ka duba, to ciwon ɗaya ne: komai a ka, komai a baki. Je ka gidaje goma a unguwarku ka ƙirga masu na'urar DVD da ke aiki. A yawancinsu za ka same ta a saman kabad, an rufe da kyalle, rimot ya ɓace. Manyan dilolin fim da suka yi gidaje da kaset da sidi, masu yara a kowace kasuwa daga Kano har Maraɗi, da yawansu sun sauya sana'a tuntuni. Ba wayo suka rasa ba, kasuwar ce ta tashi daga faifai ta koma waya. Su kansu masu shirya fim abin da ya tura su ga fina-finai masu dogon zango a intanet ke nan.

Ribar naira 300 da ya lissafa maka kuwa ta kan takarda ce, ita ma takardar ba a rubuta ba. Bai sa man janareta ba, kuma injin faifai goma da firinta ba sa jiran a kawo wuta. Bai sa faifan da ke lalacewa a tsakiyar bugu ba, a tsohon inji kuwa ba kaɗan ba ne, tire ɗaya ya fara ciwo kullum sai ka zubar. Bai sa tawada ba. Bai gaya maka cewa 200 a rana ba a kanta ake sayar da su ba, sai ka ba 'yan talla bashi a farashin sari, wajen 350, su kawo kuɗin wanda ya shiga, su dawo maka da sauran duk sun goge. Fim kuma ba shinkafa ba ne, kwanakinsa ƙidayayyu ne, wanda bai fita a makon farko ba ya yi kwantai, ko a naira 100 ba mai ɗauka. Na ƙarshe kuma shi ya fi ciwo: faifan farko da ka sayar, kafin la'asar yana kan kwamfutar mai turi, yana zuba wa mutane a waya a kuɗin da bai kai na ledarka da kwalinka ba. Wa za ka kai wa ƙara? Idan ka fitar da 30 a rana ka gode wa Allah. Ribarsu, bayan an cire duk wannan an raba biyu, ba za ta kai abin da caja da batir ke kawo maka yanzu ba tare da faɗuwar gaba ba.

Ga wata tambaya da nake so ka yi masa, fuska a sake, ba da faɗa ba: injin na waye, kuma me ya sa yake sayarwa? Injin da ke haifar da naira 60,000 a rana ba a kai shi kasuwa. Mai shi ya ga abin da kai ba ka gani ba tukuna. Ka kuma tambaya ko akwai la'ada a cinikin. Idan akwai, ba haramun ba ce, amma ka san cewa shi ribarsa ta farko tana shiga aljihu ranar da ka biya, ko an buga faifai ko ba a buga ba.

Duk sana'ar da aka ce za ta mayar maka da uwar kuɗi cikin wata guda, ni tun daga nan nake tattara takalmana. Da akwai irinta a fili haka, da masu kuɗin Kano ba su bar ta ta iso Funtuwa ba. Kuma kada ka manta asalin kuɗin nan. Adashi ka kwasa. In dai ba kai ne na ƙarshe a layi ba, wannan ba tarin ka ba ne, bashi ne, zubi yana jiran ka kowane mako ko shago a buɗe yake ko an garƙame. Uwar adashi ba ruwanta da labarin furodusa.

Ta ɓangaren addini ba fagena ba ne, ka tambayi malaminka. Amma don kada wani ya ce maka wannan dokar Turawa ce kawai: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a taɓa. Bayan kowane fim akwai mai ɗaukar hoto, mai fitila, direban da ya kwashi kaya zuwa ƙauye, da wanda ya sayar da gonarsa ya zuba.

To me za ka yi? Idan har zuciyarka na kan harkar fim, gwajin mai sauƙi ne kuma kuɗin mota kawai zai ci. Ka ce wa ɗan kawunka ya kai ka wurin furodusa ɗaya, ɗaya tak, ku zauna ido da ido. A rubuta sunan fim ɗin, a rubuta cewa shi ne mai haƙƙin kuma bai sayar wa kowa ba, a rubuta kwafi nawa aka yarda ka buga, a wane yanki, zuwa wane lokaci, nawa za ka biya, a sa lambar shaidar hukumar tacewa, ya sa hannu, ka sa, shaidu biyu su sa, ɗayansu ba danginku ba. Ka kai wa lauya ya duba. Idan abokansa ne da gaske, wannan aikin yini ɗaya ne. Idan ka fara jin ai Alhaji ya yi tafiya, ai tsakaninmu ba a haka, ai za ka ɓata mana hulɗa, to ka samu amsarka a arha. Na Indiya da na Amurka kuwa ka cire su daga lissafi gaba ɗaya, babu wanda ɗan kawunka ya sani da zai iya sa maka hannu a kansu.

Akwai aikin kwafi mai tsabta, kuma yana kusa da kai fiye da Kano. Bidiyon biki, suna, saukar Alƙur'ani, walima, taron makarantar Islamiyya, karatun malamin da ya ba ka izini da kansa. Mai abu ne ke kawo abinsa, ya biya kafin a yi, babu kwantai, babu 'yan talla. Sai dai wannan ba ya buƙatar injin tire goma. Kwamfuta ɗaya ta hannu ta isa, kuma za ka ga mafi yawansu a filashi ko memori suke so, kayan da dama kana sayarwa. Nan ribarka biyu ce. Amma ka kiyaye, idan kwamfutar ta zo, kada ta rikiɗe ta zama ta turin fina-finan mutane, domin dokar da ta hau faifai ita ta hau memori.

Ragowar kuɗin ka zuba su inda ka riga ka san hanya. Shekarun da ka yi a kan kayan waya sun koya maka wace caja ke dawowa, wane batir ke kumbura, wane kwastoma ke biya. Wannan sanin ya fi duk wani inji. Ka riƙa zuwa sari da ƙafarka, kasuwar waya ta Farm Centre tana nan a Kano, maimakon jiran a kawo maka da ƙarin kuɗi. Ka ware zubin adashi na wata uku ka ajiye inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. Ka sayi littafi mai bango mai kauri, abin da ya shigo da abin da ya fita kullum kafin ka rufe.

Saura abin da na san shi ya fi damun ka, ko da ba ka rubuta ba: yadda za ka ce a'a ba tare da magana ta kai kunnen kawu ba. Za ta kai, ka sa a ranka. Gara kai ka riga kai ta. Ka je ka gaishe shi, ka ce Kawu, yaya ya kawo shawara, na gode masa, amma kuɗin na adashi ne, akwai haƙƙin mutane a kai, ba zan iya sa su inda babu takarda ba. Dattijo ba zai ce maka ka yi wasa da kuɗin mutane ba. Shi kuma yayan naka kada ka ƙaryata shi a gaban kowa, ka bar maganar a kan takarda kawai, ita ba ta zagin mutum. Idan ya dage sai an yi, to ya sayi injin da sunansa, ya ajiye a ɗakinsa a Kano, kuma ba da rancen kuɗinka ba. In kuwa ya ba ni kunya ya kawo furodusan da takardar, ka ɗauki hotonta ka turo min kafin ka biya ko sisi, mu duba wanda ya sa hannun ko shi ne mai fim ɗin.